Kwana a tanti, wuni a Monako: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙu huɗu suka zo a kan magana guda a wannan karon, duka game da gaɓar tekun kudancin Faransa. Na taƙaita su, na haɗa su wuri ɗaya.

"Ni ɗalibi ne a Lyon, ɗan Damagaram. Mu uku muke son zuwa ganin Monako idan an yi hutu. Kuɗin otal ya fi ƙarfinmu, ba mu da mota, amma wani abokinmu zai ara mana tanti. A ina za mu kafa shi a can?"

Ƙanena, a cikin Monako dai babu inda za ku kafa shi. Ƙasar gaba ɗayanta murabba'in kilomita biyu ce da ɗan ɗoriya, Batikan ce kaɗai ba ta kai ta girma ba, ga mutane kusan 39,000 a cushe tsakanin dutse da ruwa. Mutanen da har teku suke cikewa don su sami filin gini, kamar yadda suka yi unguwar Fontvieille da kuma Mareterra da aka buɗe a ƙarshen 2024, ba za su ware wa mai tanti fili ba. Kada kuma ku ce za ku lallaɓa bakin teku da dare ku shimfiɗa. Ko a ɓangaren Faransa doka ta hana kafa tanti a bakin gaɓa, balle Monako da ɗan sanda da kyamara suke kowace kusurwa.

Wannan bai hana tafiyarku ba. Yawancin masu share otal-otal ɗin Monako da masu dafa abincinta da ma'aikatan bankunanta ba a cikinta suke kwana ba. Dubun-dubatarsu ne suke shigowa kullum da safe daga Faransa da Italiya, da yawansu a jirgin ƙasa, su koma da yamma. Ku ma haka za ku yi. Layin dogo ya iso Monako tun 1868, kuma yana tasowa ne tun daga Marsel, ya bi bakin teku ta Kan (Cannes) da Antibes da Nis (Nice), ya shiga Monako, ya wuce Menton, ya tsaya a Ventimiglia ta Italiya. Jiragen yanki da ake kira TER suna tsayawa a ƙananan tashoshi bi da bi. Daga babbar tashar Nis zuwa Monako minti ashirin ne da 'yan kai.

Saboda haka ku fara zaɓen tasha kafin ku zaɓi sansani, wato wurin da ake biya a kafa tanti. Yawancin mutane suna yin akasin haka: su buɗe taswira, su nemi sansanin da ya fi kusa da Monako, su biya kuɗi. Nan ne ake shan wahala. Daga Nis zuwa iyakar Italiya duwatsu ne suke gangarowa kai tsaye cikin teku, jirgi yana bi ta ƙasa, abin da ya rage na fili kuma yana can bisa. Dubi Èze. A taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa Monako, tasha ɗaya ce kawai tsakaninsu. Amma tashar tana bakin ruwa, tsohon ƙauyen yana bisa tsauni fiye da mita 400, hanyar ƙafar da ta haɗa su hawa ne na kusan awa guda ga mai lafiya da ba ya ɗauke da komai. Sansanin da ya ce yana Èze, to ka tambaya wace Èze. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Menton ma, wadda ba ta fi minti goma sha biyu daga Monako ba, sansaninta yana kan tudun Saint-Michel, a saman gari, ta matakala ake hawa. Ga samari uku masu jaka a baya ba laifi, sai dai ku tuna kullum da dare za ku hau, bayan kun wuni kuna yawo.

Ni da zan zaɓa muku, yammacin Nis zan kai ku, tsakanin Cagnes-sur-Mer da Antibes. Nan ne ƙasa ta ɗan kwanta, nan ne kuma sansanoni suka taru. Tashar da na fi so ku duba ita ce Villeneuve-Loubet. Ba za ku ɓace ta ba, kusa da ita akwai wasu manyan fararen gine-gine masu kama da dala a bakin teku, Marina Baie des Anges. Akwai sansanoni a unguwar da ake isa da ƙafa, cikinsu har da Parc des Maurettes. Daga can zuwa Monako bai cika awa guda ba, kuma jirgin da ya nufi Menton ko Ventimiglia zai kai ku ba sai kun sauya ba. Kan da Antibes kuma suna ɗaya ɓangaren, kun ga da kwana a wuri guda kun ga garuruwa huɗu.

Abu ɗaya game da tashar Biot da ke gaba kaɗan. Tsofaffin littattafan yawon buɗe ido suna cike da sunayen sansanonin wurin. A daren 3 ga Oktoba 2015 aka yi ambaliyar da ta kashe mutum 20 a wannan yanki, kogin Brague ya cika ya tumbatsa, daga baya hukuma ta rufe sansanoni da dama da ke bakinsa. Duk sunan da kuka gani a tsohon rubutu, ku buga waya ku ji muryar mutum kafin ku aika ko sisi.

In kun kira, ku yi tambaya uku. Minti nawa ne zuwa tasha a ƙafa, ba a mota ba, kuma hawa ne ko shimfiɗe? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, mai tafiya a ƙasa yana iya shiga bayan nan? Suna karɓar ƙaramin tanti na kwana biyu ko uku a watan da za ku zo? Ku ce musu emplacement kuke so, wato filin kafa tanti zalla. Sannan ku duba lokacin jirgin ƙarshe a manhajar kamfanin jirgin ƙasa, SNCF Connect, ranar da za ku fita, ba mako guda kafin nan ba, domin gyaran layi da yajin aiki sukan canza jadawalin dare. Wanda jirgin ƙarshe ya bari a Monako, kuɗin tasi kaɗai zai cinye duk abin da ya tara ta hanyar kwana a tanti. In za ku yi kwana uku ko fiye kuna zirga-zirga, ku tambayi tikitin Pass SudAzur Explore a tasha, ku kwatanta shi da sayen ɗai-ɗai.

A Monako kanta, abin kallo na kyauta ya ishe ku wuni. Tashar a cikin dutse take tun 1999, tana da ƙofofi da yawa masu fitar da mutum unguwanni daban-daban, ku karanta allo kafin ku bi ayari. Lif-lif na jama'a da ke hawa da sauka tsakanin unguwanni ba a biyan komai. Ana sauya masu gadin fadar gidan Grimaldi, masu sarautar ƙasar, kullum ƙarfe 11:55. Bakin ruwan Larvotto akwai ɓangaren kowa da kowa. Ku taho da burodi da ruwa daga inda kuka kwana. Gidan cacar Monte Carlo kuwa ku kalli gininsa daga waje ku wuce. Su kansu 'yan ƙasar doka ta hana su yin caca a ciki, kun ga masu gidan sun san abin da suke sayarwa.

"Muna zaune a Birmingham, ni da maigidana da yara huɗu, ƙaramarsu shekara biyu. Za mu sauka a filin jirgin saman Nis a watan Agusta. Mu sayi babban tanti mu taho da shi, ko mu kama irin ƙananan gidajen nan da ake haya a sansani?"

Hajiya, ku kama gidan. Tantin mutum shida, da katifun iska, da jakunkunan barci, da tukwane, kaya ne na mai mota. A jirgin sama kowace jaka kuɗi ce, kuma gwangwanin iskar gas ba a shiga da shi jirgi ko kaɗan. Ki ƙara da keken yarinya, ki hango kanki a dandamalin tasha da tsakar rana a watan Agusta. Araha ba ta ado.

Gidajen da kike nufi su ake kira mobil-home. Suna da ɗan kicin da firiji da banɗaki a ciki, wanda ga mai ƙananan yara da mai son yin alwala cikin sirri ya fi komai. Kicin ɗin kuma shi ne ainihin ribar: unguwannin da ke kewaye da babbar tashar Nis akwai mahauta masu naman halal da shagunan Larabawa, ki yi cefane ki dafa abinki. Sai dai ki sani, a Yuli da Agusta sansanoni da yawa ba sa bayar da su sai na mako guda cur, galibi Asabar zuwa Asabar, kuma tun cikin sanyi ake fara kamewa. Farashin da aka fara nuna miki ba shi ne ƙarshe ba. Ki tambayi kuɗin zanin gado, da na shara bayan kun tashi, da ajiyar jingina da ake mayarwa, da ɗan harajin baƙi da ake karɓa a kan kowane babba kowane dare. Ki tambaya ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, don akwatin nan in rana ta buge shi ba a zaman cikinsa. Ki kuma faɗi gaskiyar yawanku, da jaririya a lissafe, domin gidan mutum shida ba a yarda a sa na bakwai.

Daga filin jirgi kuwa kun yi sa'a, tashar Nice-Saint-Augustin tana daf da shi, a kan layin nan dai. In da hali ku matsar da tafiyar zuwa ƙarshen Agusta. Ku kuma guji jiragen ƙarfe bakwai zuwa tara na safe masu zuwa Monako, ma'aikata ne cike har bakin ƙofa. Ku riƙe maganin sauro, akwai shi, kuma irin mai cizo da rana ne.

"An ce mini ɓangaren Italiya ya fi sauƙin kuɗi. In kwana a Ventimiglia in riƙa shigowa?" Wani bawan Allah ne daga Brussels.

Malam, abinci da kofi sun fi sauƙi a can, kuma jirgi bai wuce rabin awa zuwa Monako ba. Ranar Juma'a akwai babbar kasuwa a bakin teku. Amma akwai abin da masu tallan yawon buɗe ido ba za su gaya maka ba. Tun 2015 Faransa ta maido da binciken iyaka a nan, saboda Ventimiglia hanya ce ta bakin haure masu neman tsallakawa. Jirgin da ya taso daga can yana tsayawa a Menton-Garavan, tashar farko ta Faransa, 'yan sanda su shigo su bi tarago-tarago. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna kokawa cewa baƙar fata aka fi tsayarwa. Ka riƙe fasfo ɗinka da katin zamanka na asali a jikinka kullum, ba hotonsu a waya ba. In takardunka sun cika ba abin da zai faru sai ɓata lokaci da ɓacin rai, amma kai za ka auna ko ragin kuɗin ya kai a tambaye ka kowace safiya. Ni dai da in yi hutu a haka, gara in kwana a ɓangaren Faransa in je Ventimiglia sau ɗaya cin kasuwa.

Ka duba layin wayarka kuma. Monako ba ta cikin Tarayyar Turai, wasu kamfanonin waya suna cajin intanet ɗinta da tsada ko da sauran Turai kyauta ne a tsarinka.

"Daga Kano zan taso. Takardar kama wuri a sansani za ta yi wajen neman biza? Sannan ina son in ga Saint-Tropez da gasar tseren motoci."

Alhaji, Monako ba ta da biza tata daban ga mai ziyara, ta Schengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, kuma a wajen Faransa ake nema. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar inda za ka kwana na dukan kwanakin. Ka sa sansanin ya aiko maka da takarda mai ɗauke da cikakken sunanka da ranakun zuwa da tashi da adireshinsu da shaidar biya. Ka zaɓi irin wanda ake mayar da kuɗi in an fasa, don biza ba tabbas ba ce sai ta shigo hannu.

Saint-Tropez ba ta da tashar jirgin ƙasa. Sai ka sauka a Saint-Raphaël ka hau bas, ko jirgin ruwa a lokacin da yake aiki, kuma hanyar motar tana cushewa a watannin zafi. Wuni guda ne cif, ka ware masa rana tasa.

Tseren motocin Monako, wanda aka fara a 1929, tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni ake yinsa, bayan bikin fina-finan Kan na watan Mayu. A makon nan ana toshe tituna, jirage suna cika, sansanonin da ke kan layin tun watanni suke ƙarewa, kuma ba ka ganin tseren sai da tikiti. In tseren ne ya kawo ka, ka sayi tikitin kallo tukuna, ka kama wurin kwana, sannan ka nemi biza. In garin kake son gani, ka zo tsakiyar Yuni ko cikin Satumba, kafin sansanoni da yawa su rufe a watan Oktoba.