Tambaya da Amsa: Tara kayan gyaran kumbo a Elite Dangerous, wasa ne ko dako?

Wasiƙun wannan makon duk daga Sakkwato suka zo, kuma duk a kan Elite Dangerous ne, wasan sararin samaniya da kamfanin Frontier Developments na Ingila ya fitar a Disambar 2014.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina buga wanga wasa. Tun da na shiga sha'anin injiniyoyi abin ya koma mini aikin dako: in sauka in harbi duwatsu, in tashi in bi sawun kumbuna ina ɗaukar bayanai, in isa wurin injiniya a ce saura abu guda. Cikin waɗanda munka fara tare, biyu sun bari. Haka abin yake ga kowa, ko ni ne ban iya ba? Ɗalibi, Runjin Sambo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kukanka yana kan hanya. Tun da aka shigo da injiniyoyi a 2016, wato mutanen cikin wasan da ke ƙara wa sassan kumbo ƙarfi in an kai musu kaya, masu wasan suke wannan ƙorafi, har kamfanin ya gyara tsarin a 2018, ya sake gyarawa a Agustan 2024. Sai dai yadda ka kwatanta aikinka ya nuna mana inda wahalar take: kana neman kaya ɗaya bayan ɗaya, sai buƙata ta taso ka fita nema. Wanda duk ya yi haka dole ya gaji.

Kayan gyara iri 3 ne: ma'adinai, ƙerarrun kaya, da bayanai. Ma'adinai suna da daraja ta 1 zuwa ta 4, sauran biyun ta 1 zuwa ta 5. Ma'ajiyarka tana ɗaukar 300 na kowane abu mai daraja ta 1, 250 na ta 2, 200 na ta 3, 150 na ta 4, 100 na ta 5. Ba sa cin wurin kaya a cikin kumbo, kuma ko an tarwatsa ka suna nan. Duk ƙwaya ɗaya da ka ɗauka tana shiga a matsayin 3.

Mu ɗauki gyaran da kowa yake farawa da shi, wato ƙara wa injin tsalle, FSD, nisan zango. Tun gyaran 2024 babu sauran caca a yawan bugu, wato sau nawa za a zuba kaya kafin mataki ya cika: idan ka kai ƙololuwar matsayi wurin injiniyan, mataki na 1 bugu 1 ne, na 2 bugu 2, haka har na 5 bugu 5. Jimla 15. Za mu rubuta sunayen kayan yadda suke fitowa a allo domin kada ka ɓata wajen nema. Mataki na 1 yana cin Atypical Disrupted Wake Echoes 1. Na 2 yana cin irinsa 2 da Chemical Processors 2. Na 3 kuwa Phosphorus 3, Chemical Processors 3, Strange Wake Solutions 3. Na 4, Manganese 4, Chemical Distillery 4, Eccentric Hyperspace Trajectories 4. Na 5, Arsenic 5, Chemical Manipulators 5, Datamined Wake Exceptions 5. Ƙwaya 41 ke nan gaba ɗaya. In za ka ɗora masa ƙarin gyaran da ake kira Mass Manager, sai ka tanadi wasu Atypical Disrupted Wake Echoes 5, Galvanising Alloys 3, Eccentric Hyperspace Trajectories 1. Ya zama 50.

Ƙwaya 50 kacal, alhali kaya iri 11 ne. Mai bin su iri-iri zai zaga wurare da yawa. Mai dabara wuri 3 zai je, ya ɗebo masu daraja mafi girma, ya kai wa 'yan musaya, masu canza kaya da kaya a tashoshi, su farfasa masa zuwa na ƙasa. Pharmaceutical Isolators 4 sun isa su ba ka duk kayan da sunansu ya fara da Chemical a lissafin nan, domin danginsu ɗaya: guda 2 su ba ka Manipulators 6, guda 1 Distillery 9, guda 1 Processors 27. Ƙara 2 ka karɓi Galvanising Alloys 9. A ɓangaren bayanai, Datamined Wake Exceptions 9 sun rufe komai: 5 na bugu, 4 a farfasa su zuwa na ƙasa. Ma'adinan uku kuma ba masu wuya ba ne. Buɗe taswirar yankin tauraron, duba duniyar da ake sauka, za ka ga jerin ma'adinanta da kason kowanne kafin ka ɓata mai.

Saboda haka, kafin ka tashi daga tasha, ɗauki takarda ka rubuta abin da za ka gyara da adadin abin da zai ci. Kada ka ce sai ka kai kowane sashe na kumbo mataki na 5. A injin tsalle, mataki na 3 yana ƙara nauyin da injin yake iya ɗauka da kashi 35 cikin 100, na 5 da kashi 55. Wato da bugu 6 na kaya masu araha ka samu fiye da rabin amfanin. Garkuwa da bindigogi da injin gudu duk za su iya zama a mataki na 3 har ka san irin aikin da kake so ka riƙa yi da kumbon.

Akwai inda muke tare da kai ɗari bisa ɗari. Hanyar da ta fi sauri wajen tara bayanai ita ce a ɗauka, a fita daga wasan, a dawo, a sake ɗauka. Wannan kam dako ne, kuma laifin tsarin wasan ne. Abin da muke ba da shawara shi ne a yi shi sau ɗaya, a cika ma'ajiya, a manta da shi na tsawon watanni.

Tambaya: Na kai wa ɗan musaya ƙarfe da nikel kusan 300 kowanne, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Cuta ta aka yi? Mai shagon gyaran waya, Mabera.

Amsa: Malam, ba a cuce ka ba, hawa ka yi maimakon gangara. Farashin musaya a kafe yake. Cikin dangi ɗaya, hawa daraja ɗaya 6 ne a ba ka 1. Hawa biyu 36, hawa uku 216, hawa huɗu 1,296. Ƙarfe daraja ta 1 ne, Selenium da ke saman danginsa ta 4, don haka ƙarfe 216 ne Selenium 1. Gangara kuwa riba ce: 1 a ba ka 3, sai 9, sai 27, sai 81. Polonium 1 ya ba ka Arsenic 9, Ruthenium 1 ya ba ka Manganese 9, Technetium 1 ya ba ka Phosphorus 27.

Tsallakawa daga dangi zuwa dangi tana ƙara ninki 6. A allon ɗan musaya, kowane layi dangi ne. Daraja ɗaya amma layi daban, 6 a ba ka 1. Layi daban da hawa ɗaya, 36. Layi daban da gangara ɗaya, 2 a ba ka 1, kuma wannan ba laifi. Ka kuma sani 'yan musayar iri 3 ne, kowa da hajarsa. Na ma'adinai ba ya karɓar bayanai, na bayanai ba ya karɓar ƙerarrun kaya. Shafin intanet na Inara yana nuna wanda ya fi kusa da kai.

Tambaya: To ina ake samun masu babbar darajar? Na daɗe ina yawo ban taɓa ganin High Grade Emissions ɗin da ake faɗi ba. 'Yar'uwarku, Arkilla.

Amsa: Malama, wannan siginar, mai nuna inda ƙerarrun kaya masu babbar daraja suke yawo a sarari, tana da sharaɗi. Nemi yankin tauraro mai mutane sama da miliyan 1, sannan ki duba halin da masu mulkinsa suke ciki, domin shi ke yanke abin da za ki tarar. Inda ake annoba, wato Outbreak a taswira, nan Pharmaceutical Isolators suke. Inda ake yaƙi ko yaƙin basasa, Military Grade Alloys da Military Supercapacitors. Inda kasuwa ta bunƙasa, kayan da sunansu ya fara da Proto. Yankunan Daular Empire suna ba da Imperial Shielding, na Federation suna ba da Core Dynamics Composites. Da kin shiga, sauka wurin Nav Beacon da ke kusa da tauraron ki ɗauki bayanansa, duk siginonin yankin za su fito da sunayensu. Kowace tana da agogo. Kada ki bi wadda saura mata minti 2 alhali tana da nisa. Tun gyaran 2024 sigina ɗaya tana zubo kaya masu yawa, har takan cika ma'ajiyar abu guda a zuwa ɗaya.

Wurin kwasa ne mutane suke asara. Ki saka na'urar Collector Limpet Controller, ki sayi 'yan aikenta, limpet, tun a tasha, kowane ɗaya yana cin tan 1 na wurin kaya. Ki buɗe ƙofar kwasar kaya kafin ki sake su, in ba haka ba za su tsaya a ƙarƙashinki riƙe da kaya. Babban kuskure shi ne saita wani abu kafin a saki limpet: zai ɗauko wannan abu kaɗai ya mutu. In babu abin da kika saita, zai yi ta kai da kawowa har wa'adinsa ya cika. Ki tsayar da kumbo cak, kada ki yi ta juyi.

Bayanai kuma, wurin da aka fi sani shi ne tarkacen kumbon Jameson a HIP 12099, duniya ta 1 b. Sai da na'urar Detailed Surface Scanner wurin zai fito miki a jerin wurare, sai kuma da motar ƙasa, SRV. Akwai turaku 4 kewaye da tarkacen. Ki ajiye motar inda duka suke cikin zangonki, ki ɗauki bayanansu, ki fita zuwa allon farko, ki dawo. Suna ba da Adaptive Encryptors Capture mai daraja ta 5. Guda 54 ne za su zama Datamined Wake Exceptions 9 da muka lissafa a sama. Idan ya kai 100 ki daina, domin abin da ya hau kai ba ya shiga.

Manyan ma'adinai suna da yawa a HIP 36601, inda ake harbo su daga wasu tsirai masu kama da ƙarau. Tafiyar ta kai kusan shekarar haske 1,500 daga yankin da mutane suke zaune, ga kuma doguwar tafiya a cikin yankin kansa. Ba ta dace da mai gyaran inji ɗaya ba. Ki bari sai injin tsallenki ya gyaru, ki je sau ɗaya ki cika. In kuma kina aikin jigilar fasinja ko kaya, riƙa duba ladan da aka ba ki zaɓi: sau da yawa akwai kayan daraja ta 5 irin su Exquisite Focus Crystals da Biotech Conductors. Karɓar su maimakon kuɗi tana tara miki kaya ba tare da kin fita nema ba, kuma mu a ganinmu wannan ce hanyar da ta fi daɗi a wasan.

Tambaya: Sau biyu ana harbe ni a Deciat kafin in kai wa Felicity Farseer kayanta. Wani daga Gawon Nama.

Amsa: Sannu, ɗan'uwa. Deciat, inda injiniyar FSD Felicity Farseer take zaune, ta yi ƙaurin suna, domin masu farautar sababbin 'yan wasa sun san kowa sai ya bi ta nan. Shiga ta Solo, wato kai kaɗai, ko rukunin abokai, ba ta Open da kowa ke ciki ba, har ka gama. Kayan gyaranka suna nan, amma Meta-Alloys ɗin da take nema kayan dako ne, yana tafiya tare da kumbo, haka ma bayanan binciken taurarin da ba ka sayar ba. Guda 1 take buƙata, tare da matsayin Scout a bincike. Kada ka tashi sai kana da kuɗin inshora, kashi 5 cikin 100 na darajar kumbon. In ka isa, sayar mata da bayanan bincikenka a tasharta, yana ɗaga matsayinka wurinta, kuma matsayin ne yake rage yawan bugu. Kafin ka fita, maƙale tsarin gyaran FSD, za ka iya ci gaba da shi a kowace tasha mai sayar da kayan kumbo. Tsari ɗaya ake maƙalewa ga kowane injiniya, Mass Manager kuma sai a gabanta ake saka shi. Elvira Martuuk da ke Khun ita ma tana kai FSD mataki na 5: sharaɗinta shi ne mutum ya yi nisan shekarar haske 300 daga inda ya fara, da Soontill Relics 3.

Tambaya: A PS4 nike bugawa, kuma wuta da sabis ba su da tabbas. Lissafin nan ya shafe ni? Mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Malam, rabinsa. A Maris 2022 Frontier ya daina sabunta wasan a PlayStation da Xbox, don haka gyaran 2024 bai zo muku ba. Farashin musaya da girman ma'ajiya da wuraren da muka ambata duk ɗaya ne, amma yawan bugu ba shi da ƙa'ida a wurinku, kuma siginar High Grade Emissions kaɗan take zubowa. Tanadi ninki biyu na kayan mataki na 4 da na 5 kafin ka je wurin injiniya.

Wasan yana buƙatar intanet ko da kai kaɗai kake bugawa. Abin da ya riga ya shiga ma'ajiyarka ya shiga, ɗaukewar wuta ba ta taɓa shi. Wanda yake yawo a fili ba ka kwasa ba, da limpet ɗin da ka saki, su ne suke salwanta. Saboda haka in ka ga sabis yana rawa, yi aikin da katsewa ba ta ɓata shi, kamar ɗaukar bayanai a wurin Jameson ko musaya a tasha, ka bar kwasar sigina da ɗaukar Meta-Alloys zuwa lokacin da layi ya zauna. A watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ɗora na'urar a kan tebur inda iska take ratsa ta, kada a kan katifa ko darduma, kuma bayan hunturu ka sa a busa mata ƙurar da ta taru a fanka, domin ita ce take sa ta kashe kanta ana tsakiyar sauka.