Amsa ga ɗan'uwanmu mai tambayar inshorar mota da ta gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko Allah ya sanya alheri, ya sa gidan ga na zaman lafiya ne, motar kuma Allah ya tsare hanya. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce ka gama gini a Arkilla nan Sakkwato kuma ka sayi Corolla, kana son sanin inda za ka samu inshora mai arha ta motar da ta gidan, kuma wai shin ma suna biya in abu ya faru. Na ga wasu sun ce maka ɓarnar kuɗɗi ce sun wuce, wani kuma ya ce ya san wanda zai yi maka takardar mota a dubu biyar. Wagga magana ta dubu biyar ita ta hana ni yin shiru, don irin takardar ce ta taɓa ja mani asara, kuma ba na son wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Shekarun baya in zan sabunta fatikula akwai wani da nake ba kuɗɗin gaba ɗaya, da yamma ya kawo mani takardu cikin leda, in jefa su aljihun mota ban ko buɗe ba. Wata safiya zan kai yara makaranta, wajen Round Mai Ruwa wani mai keke napep ya yanko gabana, garin kauce mashi na daki bayan wata jif. Fitilar baya ta tarwatse, bamba ta tsage, ƙofar but ta loɓa. Mai motar dattijo ne mai haƙuri, bai ko ɗaga murya ba, tambayata kawai ya yi ko yaran lafiya. Na ce mashi Baba kada ka damu ina da inshora, na fiddo takardar har da tambarinta mai kyau, munka kira lambar da ke jiki ba ta shiga, munka sake kira shiru. Wani yaron ofis ɗinmu ya sa lambar motata a wayarshi ya duba, ya ce mani Yaya motarka ba ta da inshora ko ta sisi. Wallahi kunyar da na ji gaban dattijon nan ta fi mani asarar ciwo. Ragunan da nake kiwo don layya su na kai kara na sayar anka gyara mashi mota, tawa kuwa ta yi wata biyu da fasasshen lagireto a gareji a unguwar Sahara kafin in samu halin gyara ta.

To don haka abu na farko, ka san farashin gaskiya. Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, NAICOM, ita ke yanka kuɗɗin ƙaramar inshorar nan da ake ce ma tad-fati, kuma tun 1 ga Janairun 2023 ta koma N15,000 a shekara ga motar gida, daga N5,000 da take a da. Abin da za su biya na ɓarnar dukiyar wani shi ma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke napep N5,000 ne, babur N3,000. Ka ga ke nan duk wanda ya ce zai yi ma Corolla ɗinka a dubu biyar yau, ko dai bai san an canza ba ko kuma a shagon kwamfuta zai bugo maka. Babu wani ragi a nan, babu "na san wani a ciki". Kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda sunka fara matsawa kan ta a hanya. In an yi maka, kafin ka bar wurin ko bayan kwana ɗaya biyu ka shiga askniid.org ko ka danna *565*11# ka sa lambar motarka, in ta gaskiya ce sunan kamfanin da ranar ƙarewa za su fito. In ba su fito ba koma masu tun da zafi.

Amma ka fahimci mi take biya, don nan ne mutane da yawa ke cewa an cuce su alhali ba su gane abin da sunka saya ba. Tad-fati ba ta gyara motarka, ko madubi ba ta saya maka. Wanda ka buge take biya, motarshi ko katangarshi ko shagonshi, da kuma rauni ko rasa rai Allah ya kiyaye. In kana son a gyara taka ko a biya ka in an sace ta ko ta ƙone, wannan ita ce cikakkiya, kuma NAICOM ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Misali in motarka ta miliyan 8 ce, ka shirya N400,000 a shekara. Kuɗɗi ne ba wasa ba, shi ya sa ni ba na ce ma kowa dole ya yi ta. In motar ita ce jarinka, ko bashi ka ci ka saya, ko kana yawan bin hanya kamar Birnin Kebbi ko Gusau, kuma ka san in ta tafi yau ba ka iya sayen wata a shekara biyu, to ka daure ka yi. In tsohuwa ce ta zagayen gari daga gida zuwa kasuwa, yi tad-fati ta gaskiya ka riƙa aje ɗan wani abu gefe don makanike.

In za ka yi cikakkiyar, kada ka tsaya kan nawa ne kawai. Tambaye su eksas nawa ne, wato kason da kai za ka ɗauka daga aljihunka a duk ɓarna kafin su sa nasu. Wani kamfanin zai yi maka sauƙi a gaba amma eksas ɗinshi ya yi nauyin da duk ƙananan ƙuje-ƙuje kai ne za ka biya. Tambaye su ambaliya tana ciki ko sai an ƙara, tarzoma tana ciki ko sai an ƙara, wa da wa anka yarda ya tuƙa, kuma in ta lalace garejinsu za a kai ko naka fanalbita zai yi su biya. Wanga na ƙarshe yana da muhimmanci gare mu nan Sakkwato, don in garejin da sunka yarda da shi yana Kano ko Kaduna ka ga an ƙara maka wahala. Sannan ka faɗa masu gaskiyar aikin da motar ke yi. In ka rubuta ta gida ce alhali da yamma ƙanenka na ɗaukar fasinja zuwa Illela da ita, ranar da abu ya faru da wannan za su kama su ƙi biya, kuma suna da gaskiya. Haka in wanda ke tuƙi lasin ɗinshi ya mutu. In kana tsallakawa Ƙonni ma ka sa su rubuta maka ƙarara ko takardar na aiki bayan boda.

Yanzu gida, wanda ni a ganina ya fi motar cancanta amma mu nan kusan ba wanda ke yi. Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ya san yadda wuta ke cinye wahalar shekara talatin kafin azahar, na ga manyan mutane masu rufin asiri tsaye bakin toka ba su iya ko magana. Wanda ya ga ruwan 2010 da ya yanke hanyar jami'a shi ma ba sai an ba shi labari ba, balle 'yan Mabera da duk damina sai sun kwana tsaye. Ni dai iska ce ta koya mani. Farkon wata damina bayan la'asar gari ya yi ja, kafin mu gama kwashe shanya sai ƙara, kwanon ɗakuna biyu ya tashi da katakonshi gaba ɗaya ya faɗa kangon maƙwabci, ruwa ya sauka kan silin, silin ya sauko kan katifu da kayan ɗakin uwargida. A lokacin ina da inshorar gidan, kuma Allah ya taimake ni dillalin da ya yi mani ya matsa sai da na yarda anka haɗa da iska da ambaliya, don ni gobara kaɗai na so in yi saboda ta fi sauƙi. Sun turo mai ƙiyasta ɓarna, ya hau tsani ya auna, ya ɗauki hoto, ya karɓi lissafin kafinta. Sun biya, amma ba duka ba, kuma dalilin shi ne abin da nake son ka riƙe da kyau.

Darajar da na rubuta ma gidan ta lokacin da na gina shi ce, ban taɓa sabuntawa ba, alhali siminti da rodi da kwano duk sun ninka. Su kuwa ƙa'idarsu ita ce in ka yi ma gida inshorar rabin darajarshi to rabin ɓarna za su biya. A ce sake gina gidanka zai ci miliyan 40 kai kuma ka rubuta miliyan 20 don kuɗɗin shekara ya yi sauƙi, sai gobara ta yi ɓarnar miliyan 6, to miliyan 3 za ka gani ba 6 ba, duk da 6 ɗin ba ta kai 20 da ka rubuta ba. Ranar da anka yi mani wanga lissafin raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na koma na karanta takardar yana nan rubuce, ni ne ban karanta ba. Don haka ka samu injiniya ko maginin da ya yi maka aikin ya lissafa maka abin da sake ginin zai ci a farashin yau, ban da kuɗɗin fili don fili ba ya ƙonewa, kuma duk shekara in za ka sabunta ka sake dubawa.

Ginin daban kayan ciki daban, kada ka ɗauka ɗaya ya rufe ɗaya. Ka zagaya ɗaki ɗaki da waya ka yi bidiyo, firij, talabijin, kujeru, musamman sola da batir da inbata don yanzu su ne masu tsada a gida, ka aje rasit ɗinsu ka tura hotunan imel ɗinka kada su tsaya cikin waya kaɗai. Gwal ɗin mata da tsabar kuɗɗi yawanci ba sa shiga sai an ambace su musamman. Sata kuma galibi sai wadda anka fasa ƙofa ko taga ko anka haura da ƙarfi, in ɗan gida ne ya ɗauka ko an bar ƙofa buɗe magana ta canza. In kana aje jarkokin fetur ko ka maida gareji sito na kayan sayarwa faɗa masu tun farko. In za ku rufe gida ku yi doguwar tafiya duba sharaɗin kwana nawa sunka yarda gida ya zauna ba kowa.

Na san abin da ke ran mutane da yawa a nan ko da ba ka rubuta ba, wato halacci. Malamai da dama sun yi magana kan inshorar da anka saba saboda garari, wato rashin tabbas, da riba, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, tun 1985 ta ce waccan ba ta halatta ba amma ta taimakekeniya ta halatta. Ita ce takaful. Abin da kake zubawa tabarru'i ne, wato gudummawa, cikin asusun mahalarta, daga ciki ake biyan wanda masifa ta samu, kamfanin yana karɓar ladan kula da asusun, ba a juya kuɗɗin a harkar ruwa, in an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba ma waɗanda ba su karɓi diyya ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful, suna yin ta mota har tad-fati, suna yin ta gida. Ni can na koma kuma hankalina ya fi kwanciya. Amma ka zauna da malaminka ka ji daga bakinshi, kuma kasancewar sunan takaful bai ɗauke maka karanta takarda ba, eksas da lissafin rabin daraja duk suna nan.

Wajen saye, ka nemi farashi daga wuri uku a rubuce, kan darajar mota ɗaya da darajar gida ɗaya don ka iya gwadawa, in kamfani ɗaya zai yi maka duka biyun ka nemi ragi a kan na gidan. Dillali mai rajista ba kai ke biyanshi ba, kamfanin ke ba shi kamasho, kuma ranar neman diyya shi ke bin maka takardu, ni ya yi mani rana. Kuɗɗi kuwa asusun kamfani za ka tura ba asusun wani mutum ba ko da ɗan unguwarku ne, don doka ta ce in kuɗɗin bai shiga ba babu inshora. Kuma ka tambayi wanda ya taɓa karɓar diyya a hannunsu wata nawa ya yi yana jira, wannan ya fi duk abin da ejan zai faɗa maka.

In abu ya faru, Allah ya sa kada ya faru, ɗauki hoto kafin a taɓa komai, kira su ranar, samu rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana in gobara ce, kuma kada ka fara gyara sai sun zo sun gani. Mu mun saba da a yi sulhu bakin titi a ce Allah ya kiyaye gaba, abu ne mai kyau, amma kada ka yi alkawarin biya ko ka sa hannu a wata takarda kafin ka sanar da su. In sunka riƙa yi maka yawo da hankali NAICOM na da sashen karɓar koke, rubuta masu da lambar takardarka. In ka karɓo farashin nan uku ka ɗoro su nan, ka rufe sunanka da lambar motar, in sha Allahu zan duba maka bayan isha'i.