Ba Kowace Rabuwa Ce Khul'i Ba: Amsa Ga Wata 'Yar'uwa Daga Ƙaura Namoda

Wata baiwar Allah ta aiko cewa mijinta ya daina ciyar da ita, ga duka. Da ta nemi saki, sai ya ce sai ta biya shi abin da ya kashe a auren, ta kuma bar masa yaransu biyu. Tana tambaya ko dole ne.

'Yar'uwa, ba dole ba ne, kuma kada ki sa hannu a kowace takarda tukuna.

Abin da maigidanki ke nufi shi ne khul'i, wato mace ta fanshi kanta. Hanya ce ta matar da auren ya fita ranta alhali miji bai cuce ta ba. Ke kuwa ƙorafinki cutarwa ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Zamfara ke hukunci da ita, idan cutarwa ta tabbata alƙali na iya raba auren ba tare da kin biya ko sisi ba. A nan mata kan yi asara: su tsaya gaban alƙali suna cewa "ni dai a raba mu", ba su faɗi dalili ba, sai magana ta koma ta kuɗi.

Idan kin shigar da ƙara, za a kai masa sammaci. In ya musanta, ke za ki kawo hujja, tunda ke ce mai da'awa: shaidu, takardar asibiti, har ma shaidar maƙwabta cewa zancen dukan ya yaɗu a unguwa, domin Malikiyya na karɓar irin wannan a batun cutarwa. In abin ya cakuɗe, alƙali kan naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki, ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tanada. Kafin hukunci kuma sai ya yi i'izari, ya tambayi kowa ko da sauran magana. Kada kunya ta hana ki faɗi a lokacin.

Ki lura: rabuwa saboda rashin ciyarwa kaɗai tana da kome, yana iya mayar da ke cikin idda in ya samu halin ciyarwa. Ta cutarwa ba ta da shi, sai da sabon ɗaurin aure da yardarki.

Batun yara shi ne hadana. Ke kika fi cancanta da riƙonsu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da sutura kuma na kan ubansu. In kin yi wani auren, riƙon kan koma wa mahaifiyarki. Amma Malikiyya ta yarda mace ta sarayar da wannan haƙƙi a matsayin fansar khul'i, shi ya sa na ce ki tsare hannunki.

In hukunci bai gamsar da ke ba, akwai Babbar Kotun Shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin shari'un iyali. Ɗaukaka ƙara na da wa'adi, don haka ki nemi kwafin hukuncin da wuri.