Filin Tambaya: Wace kala zan yi wa dainin ɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali? Dan Allah shawara nake nema. Wata biyu kenan da muka koma sabon gida, falona a haɗe yake da dainin babu ƙofa a tsakani. Tayil ɗin ruwan ƙasa ne mai ɗan duhu, haka muka tarar da shi dan gidan haya ne, kujerun falo kuma kore ne mai duhu da su Baba suka min, teburin na katako mai kujera 6. To maigida ya dage wai sai an yi wa bangon dainin jan fenti saboda ya gani a wani wajen cin abinci ya burge shi, ni kuma na fi son fari tas. Har mun ɗan yi sa'insa a kai. Ya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa kun shiga a sa'a. Kar ki ji haushina amma daga ke har maigidan kun fara ne ta inda ake ƙarewa. Fenti shi ake zaɓa a ƙarshe, dan shi ne mai sauƙin canzawa, tayil ɗin nan kuwa ba za ki fasa shi ba tunda ba gidanku bane, kujerun ma ba yau za ki rabu da su ba, to kinga su ne za su faɗa wa bango kalar da zai ɗauka.

Mu fara da jan maigida. Ki ɗan rufe ido ki hango jan bango can, ga koren kujeru nan a gabansa babu abin da ya raba su, me kika gani? Kayan dogaran sarki kenan sak! A fada abin gwanin sha'awa, amma a ɗakin da za ki zauna ki ci tuwo kullum wallahi sati biyu ya isa ki gaji. Ga shi ja yana matse wuri, ranar da za ku tashi kuma sai an yi ta maimaita shafi kafin a rufe shi, mai gidan ma ba lallai ya yarda ba.

Farin naki ma ban goyi baya ba. Ki tuna ƙurar hunturu, ki tuna manja, ki tuna yaro ya gama damƙar miyar kuka ya dafa bango zai sauka daga kujera. Ni ruwan madara zan ce, wanda ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa mai haske, zai zauna da tayil ɗin lafiya lau kuma koren zai fito. Ki ce wa mai fenti mai ɗan santsi kike so wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, su Dulux da Berger duk suna da shi, ya ɗan fi tsada amma gama-garin nan kina gogawa yake bin tsumman.

Masu harkar ado suna da wani lissafi, 60, 30, 10. Wato kala ɗaya ta ci kashi 60 na wurin, shi ne bangon, ta biyu kashi 30, a nan koren ne, sai ki maimaita shi a labule ko yadin kujerun dainin dan wajen ya zama ɗan uwan falon. Sauran 10 ɗin ki bar wa maigida a zauna lafiya, amma ja mai duhu kalar zoɓo, a ɗan siririn ƙyallen tsakiyar tebur ko fulawa ko faifan rufe kwano. Katakon tebur da tayil ba sa shiga lissafi sosai, da kowa suke shiri.

Sai maganar ƙwan lantarki da mutane ba sa kulawa da ita. Ki duba jikin kwalin, in kika ga 6500K farin haske ne ƙal, yana sa ruwan madara ya koma kamar toka, abinci ma ya yi wani fari-fari kamar mara lafiya. Na saman tebur ki nemi 3000K, wato mai haske ɗan rawaya-rawaya. Kuma kafin a sayi bokiti a fara sayen ɗan ƙarami a shafa a gefe ɗaya, ki kalle shi da safe, da la'asar, da dare in an kawo wuta.

Ni kaina na taɓa yin wannan wautar, na zaɓi labule ta hoto a waya, a hoton kore ne mai kyau, da ya iso sai ga shi kamar ɗanyen ganyen ayaba, haka na haƙura na kai shi ɗakin yara. Dan haka in za ki Kantin Kwari ko kasuwarku ta nan Zariya, ki cire rigar filon kujera ɗaya ki sa a jaka, ki ɗora ta kan yadin a bakin shago inda akwai hasken rana.

Kuloli kuma, na san halinmu, an jera na gara kala bakwai a kan tebur, ga ruwan hoda ga shuɗi ga ruwan gwal. Ki zaɓi saiti ɗaya da ya shiga da wurin, sauran a mayar kicin sai ranar da aka yi baƙi.