Gidan da ya yi kwantai a hannun dillali

Ɗana, ka ce kana mamakin gidan nan na Ɗorayi, ga sabon fenti, ga tayil har bakin zaure, amma duk wanda ka kai sai ya yaba ya tafi, ko tayi ba ya yi. Har ka fara zargin ko an yi wa gidan baki. Babu wani baki. Kai fenti kake kallo, mai saye kuwa takarda yake tunani.

Gidan nan na gado ne. Babban wansu ne ya kawo mana shi, amma ka taɓa ganin sauran magadan? Akwai 'yan'uwa mata a ɗakunan mazajensu da ba a ji ta bakinsu ba. Mai kuɗi ba ya fita daga layi sai ya tsaya wajen mai shayi ko ya bi sallar la'asar a masallacin unguwa, kuma a nan ake gaya masa abin da ni da kai ba mu faɗa ba. Da ya ji ba a raba gado ba, ya san ƙarshen abin gaban alƙali ne, sai ya kashe wayarsa. Wa zai zuba gumin shekaru ya sayi shari'a?

Daga nan sai asalin filin. Tun dokar ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, kuma canza hannu a gidan da ke da satifiket yana buƙatar amincewar gwamna. Shi ya sa tambayar farko ita ce, awon gwamnati ne ko awon igiya? Awon igiya, wato filin da mai gona ya yanka ya sayar ba tare da gwamnati ta auna ba, yana sayuwa, rabin cinikinmu ma shi ne, amma sai da takardun ciniki a jere tun daga mai gona, da sa hannun mai unguwa, da shaidu masu rai. Bayan rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, mutane sun buɗe ido. Wanda da can zai biya a kan amana, yanzu sai ya je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ya bincika, ya kuma tambayi ko KNUPDA, hukumar tsara birane, ta san da ginin.

Kuɗi kuma, ciwon a wajen masu gida yake. Mutum zai lissafa buhunan simintin da ya saya, da ƙofar waje da ya sa, ya ce sai an biya shi duka. Mai saye bai damu da abin da ka kashe ba, nawa aka sayar da na maƙwabta yake tambaya. Idan gidan ya bi hannun dillalai da yawa, kowa ya ɗora nasa a kan la'ada, sai mutum ɗaya ya ji farashi uku a rana ɗaya. Daga ranar ya daina yarda da mu duka. Kuma tayin farko sau da yawa shi ne mai kyau. Mai gida ya ce albarka, wata shida ya dawo yana nemansa, mai tayin ya riga ya sayi wani.

Shi kansa ginin, ka koyi duba ƙasan bango. In ka ga fenti ya kumbura, ka sa farce ya zubo kamar gari, danshi ne ke hawowa daga tushe. Dubi layin, in titi ya fi tsakar gida tudu, to a watan Agusta ruwan kwata har ɗaka zai shigo. Lungun da mota ba ta shiga, ko masai kusa da rijiya, duk suna sare farashi. Kada ka ɓoye ko ɗaya, haramun ne, kuma maƙwabta za su faɗa.

Gobe ka je wajen babban wan nan. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce na ce ba za mu sake kai kowa ba sai magada duka sun zauna sun wakilta mutum ɗaya a rubuce. Ka karɓo mana kwafin takardun filin mu duba tare.