Amsa: Ina kuɗin makarantun gwamnati ke tafiya?

Malam, ka tambaya me ya sa kullum ake shelar ƙarin kuɗin ilimi a kasafin jiha, amma ɗanka har yau a ƙasa yake zama a aji. Ai abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, kuma nan ake yi mana wayo. A wanda aka sakin ma, albashin malamai ke lashe kaso mafi tsoka. Ɗan guntun da ya rage ne za a gyara rufi da shi, a sayi alli da littattafai.

A taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, ƙasashe sun amince su ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Faɗa da baki ba wuya. Sai dai gadar sama ana buɗe ta gaban kyamara kafin zaɓe, yaron da ya iya karatu kuwa sai bayan shekaru ake cin moriyarsa.

Ka nemi rahoton aiwatar da kasafin jiharku, ka duba nawa aka sakar wa ilimi, ka kwatanta da na ofishin gwamna.