Amsa ga maijegon da nono ke zubo mata ta tsohon huji

'Yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Kin ce nono na tsiyaya ta inda aka taɓa yi miki huji a kan nono, har zani na jiƙewa. Ki kwantar da hankalinki. Kan nono dama ƙofofi da yawa gare shi, hujin ya ƙara wata hanya ce kawai, kuma nonon lafiyarsa ƙalau. Kada surutun mutanen gida ya sa ki hana jariri wannan ɓangaren, don in ya taru ya yi tauri, a nan ciwo ke farawa.

Ki yanka tsohuwar atamfa mai laushi, ki wanke, ki shanya a rana, ki ninke ki sa cikin rigar nono. Da ta jiƙe ki canza, kar ki kwana da danshi. In kin ji nonon zai kawo, danne kansa da tafin hannu na ɗan lokaci. Yawanci zubar kan ragu bayan makonnin farko. In da ɗan ƙarfe a hujin, cire shi kafin shayarwa, kar yaro ya haɗiye.

Amma in wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya rufe ki, kar ki bari a yi miki sakiya ko a shafa toka. Ki tafi asibitin sha-ka-tafi na garinku a ranar, ko babban asibitin Dutse in ya fi miki kusa.